Kyandir na Huɗu a Gidan Raizel

Baltimore, 9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga 'yar'uwata Raizel,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Mendel. Mu ma lafiya, sai dai ciwon bayan Hershel da ya sake tashi tun ranar da ya kwance bukkar da muke kafawa don idi shi kaɗai, bayan na hana shi sau uku. Yanzu yana kwance yana ba ni umarni, ni kuma ina yin abin da na ga dama.

Na ga hoton Shifrarki a jaridar al'umma. Ke kin turo mini, Gwaggo Bluma ta turo, matar mai kifi ma ta yanko ta kawo mini har gida. Karatun likita a Boston ba wasa ba ne, Allah ya ƙara basira. Na manna ɗaya a jikin firij don kada a ce ina baƙin ciki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tova tana ajin ƙarshe na sakandare. Rabonki da ita tun tana da giɓi, don haka bari in gaya miki gaskiya: ba daƙiƙiya ba ce, amma ba Shifra ba ce. Makinta na tsaka-tsaki ne, malamai suna son ta, babu dai wanda ya taɓa kirana ya ce na haifi abin mamaki. Abin da Allah ya ba ta a hannu yake. Gola ce, kuma in ta tsaya a raga sai ki rantse ragar ta ƙanƙance.

Matsalar ita ce Asabar, ranar hutunmu ta Yahudawa. A makarantarsu ta yanzu ba a wasa ranar, amma a kwaleji rabin wasannin ranar ake yi. Rabbinmu, malamin majami'armu, ya ce ba ya son ƙwallo ranar hutu, amma bai hana ba. Ita kuma ta ce za ta buga in dai za ta je fili da ƙafa, mota kam ba za ta shiga ba daga faɗuwar rana ta Juma'a har taurari su fito ran Asabar. Masu horarwa uku mun rubuta wa. Biyu sun ce mu yi haƙuri, ɗaya ya tambaya ko ba za a nemo mata izini na shekara huɗu ba.

Tun da Mendel yana koyarwa a kwalejin nan taku ta Wendholm, ki tambaya mini shi ko suna ɗaukar irin Tova, ko akwai abincin da ya halatta, kuma yaya mai horarwarsu take. Ba roƙo nake ba, tambaya ce.

Taki,
Gittel

Wendholm, Ohio, 20 ga Oktoba, 1994

Yaya Gittel,

Wasiƙarki ta faranta mini rai. Ki gaishe da Hershel, ki ce masa Mendel ma haka yake, sai dai shi da ƙafa yake yin nasa taurin kan. Mu lafiya lau. Shifra tana can tana fama da littattafai, ba ta samun lokacin numfashi.

Na tambayi Mendel tun bai cire hula ba. Ya ce Wendholm ba ta 'yan baiwa kaɗai ba ce, kowane irin yaro ana ɗauka, kuma makin Tova ya isa. Ɗalibanmu Yahudawa ba su kai arba'in ba, amma suna da ɗan kicin nasu a ƙasan ɗakin karatu, nama kuma daga Cleveland ake kawowa duk mako biyu. Majami'armu tsohon shagon ɗinki ce, in an yi sanyi sai an bi gida gida kafin maza goman da ake bukata don addu'ar jam'i su cika.

Mai horar da 'yan matan, Misis Dunleavy, na je na same ta da kaina. Mace ce gajera mai muryar maza. Na fara yi mata bayanin Asabar, ta katse ni ta ce, "Madam, golata za ta gama bana. Yarinyar nan tana kama ƙwallo ko ba ta kamawa?" Na ce an ce tana kamawa. Ta ce, "To a kawo ta in gani. In tana kamawa, ko a kan jaki za ta zo fili ba ruwana." Wasan waje kuma ta ce za ta iya kai ta tun ran Juma'a da rana ta kwana kusa da filin.

Daga gidanmu zuwa filin tafiyar minti ashirin ce. Ki turo ta ƙarshen mako na biyu na Nuwamba ta yi Asabar da mu. Ɗakin Shifra yana nan a gyare, babu kowa a ciki.

Ƙanwarki,
Raizel

Baltimore, 30 ga Oktoba, 1994

Raizel,

Muna lafiya, Hershel ya miƙe har ya koma shago. Na gode da wahalar da kika sha.

"Kowane irin yaro" ɗin nan na karanta shi sau huɗu. Ki gaya wa Mendel na ji, kuma na gode da za a ɗauki har irin namu.

Tova za ta taso ran Alhamis da bas ɗin safe. Ba ta cin albasa ɗanya, kuma kafin wasa ba ta cin komai sai ayaba, kada ki matsa mata. In kin ga ta yi shiru ba fushi ba ne, haka take. Na sa mata burodin Asabar na hannuna a jaka, kada ki wahalar da kanki da gashi. Ki dawo mini da ita ran Litinin yadda na ba ki ita.

Gittel

Baltimore, 17 ga Nuwamba, 1994

Raizel,

Kowa lafiya. Tova ta iso lafiya, kuma tun da ta sauke jaka ban ji komai a gidan nan ba sai sunanki. Gwaggo Raizel ta ce, Gwaggo Raizel ta yi, romon kazar Gwaggo Raizel da ganyen kaza da kaza. Yarinyar da sai na yi tambaya biyar take ba ni amsa ɗaya. Ta shigo sanye da rigar sanyin Shifra, na ce ta wace ce, ta ce, "Gwaggo ta ce in riƙe, wai zamanta kawai take a kabad." Na ce ita tata rigar da ubanta ya saya bara ciwo take yi? Ta ce, "Kai Mama, riga ce fa."

Riga ce, na yarda. Na kuma ji cewa Misis Dunleavy ta sa 'yan mata sun buga mata ƙwallo goma ta tare takwas, na yi murna har na kira Hershel a shago. Duk wannan na gode.

Amma akwai abin da ba zan haɗiye ba. Jiya muna wanke-wanke ta ce, "Mama, kin san Gwaggo ta kunna mini kyandir ran Juma'a? Nata uku ne, ta ɗauko na huɗu ta ce wannan na Tova ne." Tana murmushi take faɗa. Kofin da ke hannuna Allah ne kawai ya tsare shi.

Raizel, a kicin ɗaya kakarmu Hinda ta zaunar da mu, ni da ke, lokacin da ake kai mu hutu wurinta. Kyandiran maraba da Asabar, biyu na gida ne, sannan ɗaya ga kowane ɗa da mace ta haifa. Baƙo ba a ƙara masa kyandir, hasken uwar gida ya ishe shi. Kuma kin san abin da ta fi nanatawa: wanda aka ƙara ba a rage shi har abada. Ke ba amarya ba ce da za ki ce kuskure ne. Shekara goma sha bakwai ina kunna wa Tova nata, har makon da aka yi mini aiki a ciki sai da aka tallafe ni zuwa tebur. Kyandir ɗinta yana gidana, kuma bai mutu ba balle a nemo masa madadi.

Allah ya ba ki 'ya da ake buga hotonta a jarida. Ni ban taɓa roƙon a ba ni aronta ba. Wannan guda ta tsaka-tsakin ma sai kin sa hannu? Ina jiran amsarki.

Gittel

Baltimore, 29 ga Janairu, 1995

Raizel,

Da fatan kuna lafiya, tun da ba ni da hanyar sani. Mako goma ke nan ban ga ko kati ba, har idin Hanuka ya zo ya wuce. Na ɗauka shirun nan shi ne amsar, kuma na fahimta. Mai 'ya likita ba ta da lokacin tanka wa matar mai gyaran kujeru.

Mu lafiya, dusar ƙanƙara ce kawai ta dame mu. Na rubuto ne in sanar da ke kada Mendel ya ƙara wahala. Mun samu kwaleji a nan cikin gari, bas ɗaya daga ƙofar gida. Ba su da ƙungiyar ƙwallon mata, amma suna koyar da aikin ofis mai kyau, kuma za ta kwana a gadonta ta ci abincin uwarta. Ƙwallo dai ba sana'a ba ce. Hershel dai ya san inda zai tsaya.

Tova ta ɗan yi sanyi kwanan nan, amma yarinya ce, zai wuce. Rigar Shifra zan aiko da ita in an samu mai zuwa.

Gittel

Wendholm, 19 ga Fabrairu, 1995

Yaya Gittel,

Lafiyarmu ƙalau, ni da Mendel. Ina fata Hershel bai sake ɗaukar wani abu mai nauyi ba.

Na fara amsa miki sau shida ina yagawa. Ba raini ba ne ya hana ni, kunya ce, domin abin da kika faɗa gaskiya ne. Ba kuskure na yi ba. Ina sane na kunna shi.

Kin ce ana buga hoton 'yata a jarida. To a jaridar ni ma nake ganin ta. Shekara uku Shifra ba ta zauna a teburina ran Juma'a ba. Asabar a asibiti take yin ta, abin da take ci kuwa na daina tambaya don kada ta gaya mini. Hanukar nan ta yi alkawari, na gyara ɗaki, na soya wainar dankali kamar za a ciyar da gari, ran ƙarshe ta bugo waya ta ce, "Mama, kin san yadda abin yake." Na ce na sani. Ga duk wanda ya tambaya ina cewa tana fama da littattafai, ke ma haka na rubuto miki.

Sai ga taki. Ta shigo gidana ran Alhamis, ran Juma'a da la'asar na tarar da ita tana shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ba wanda ya sa ta. Ta san inda ake ajiye gishiri, ta san waƙar da Mendel ke so. Ran Asabar aka wayi gari da ruwan sama mai sanyi, Misis Dunleavy ta tsaya da mota a ƙofarmu ta ce, "Shigo, ba wanda zai gani." Tova ta yi dariya ta ce, "Koci, ki yi gaba, kafin ki samu wurin ajiye mota na iso." Ina tsaye a taga ina kallon bayanta cikin ruwa, kishinki ya kama ni. Ke da ba ki gama sakandare da kyau ba, ke da kullum kicin ɗinki a hargitse, ke Allah ya ba wa wannan. Tun daren Juma'ar nake jin haka, shi ya sa hannuna ya kai ga na huɗun. Na so in ji yadda kike ji, ko na dare ɗaya.

Yanzu kuma ya zama mini dole. Na tambayi rabbi, ya ce ba doka ba ce, al'ada ce, ina iya bari. Amma muryar Kaka Hinda ta fi tasa ƙarfi a kunnena. Duk Juma'a huɗu nake kunnawa, Mendel yana kallo. Ki yafe mini in za ki iya.

Sai magana ta biyu, kuma ita ce ta sa yau ban yaga takarda ba. Shekaranjiya Tova ta buga waya ofishin Mendel. Ta ce, "Kawu, don Allah ka tambaya mini koci me na yi ba daidai ba. Ba komai in ba su ɗauke ni ba, so nake kawai in san inda zan gyara." Abin ya ɗaure wa Mendel kai, domin Misis Dunleavy ta aika da takardar ɗauka tun tara ga Janairu, zuwa adireshin gidanku, kuma tana ta mamakin shirunku. In ba ta ji amsa ba zuwa ɗaya ga Maris, za ta ba wata yarinya daga Indiana gurbin.

Mendel ya ce wa Tova zai bincika. Ni ban gaya mata komai ba, kuma ba zan gaya mata ba. Gidan waya yana ɓatar da wasiƙu, na sani. Amma wasiƙarki ta Janairu ba ta yi mini kama da ta wadda ke jiran amsa ba. Yaya, ina takardar?

Ƙanwarki,
Raizel

Baltimore, 5 ga Maris, 1995

Raizel,

Muna lafiya a jiki. Hershel yana gaishe ku, ko da yake ni kwana uku bai gaishe ni ba.

Takardar tana cikin gwangwanin da nake ajiye kofunan Idin Ƙetarewa, a saman kabad, inda na san ba mai hawa sai watan Afrilu. Ni na karɓe ta daga hannun ɗan gidan waya. Na ga sunan Wendholm a ambulan, na ɗaga ta a hasken taga, na ga kalmar murna, sai kawai na ga teburinki da kyandir huɗu da 'yata tana yi miki waƙa. Ban yaga ba, ban kuma ba ta ba. Kullum ina cewa gobe. Mako shida ina kallon yarinyar nan tana fita duba akwatin wasiƙu da silifas cikin ƙanƙara, tana dawowa tana cewa, "Yau ma babu, Mama," ni kuma ina cewa, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Da bakina nake faɗa.

Wasiƙarki ta zo ran Juma'ar ƙarshen Fabrairu. Ban ji daɗin labarin Shifra ba, ko da yake ba zan ɓoye miki ba, na minti ɗaya wani abu ya yi mini sanyi a rai, sannan na ji kunyar kaina. Ashe wata biyar ina jin zafin hoton da ke jikin firij ɗina, ke kuma kina can kina kallon irinsa.

Ran Lahadi da safe na hau kujera na sauko da gwangwanin. Na ajiye mata takardar kusa da kofin shayinta. Na so in ce maƙwabta ne suka karɓa bisa kuskure, har na shirya sunan wanda zan ɗora wa. Ta buɗe, ta karanta, fuskarta ta yi haske yadda ban gani ba tun Nuwamba. Sai ta juya ambulan ta duba hatimin gidan waya. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Mama, yana warin kabad." Na ce, "Ni ce." Ta ce, "Saboda Asabar ne? Ai na gaya miki ba zan shiga mota ba." Na ce ba don Asabar ba ne. Ta ce, "To don me?" Na ce, "Don kyandir." Ta dube ni kamar ina wani yare. Ita har ta manta da zancen, Raizel. A wurinta kirki ne kawai wata gwaggo ta yi mata.

Da ta yi ihu da ya fi mini. Ba ta yi ba. Ta ce, "Na zaci ban iya ba ne," ta tashi ta ɗauki waya. Misis Dunleavy ta amsa, gurbin yana nan, za ta zo tsakiyar Agusta don fara atisaye. Ɗakin kwanan ɗalibai ta zaɓa, amma ta ce daga Juma'a zuwa Asabar a gidanku za ta riƙa zama, tun da ya fi kusa da fili.

Tana yi mini magana, tana cin abincina, ran Alhamis ma ta taya ni ninke kaya. Sai dai a fom ɗin da ta cike, wurin da aka ce a rubuta inda kwaleji za ta riƙa aika takardu, adireshinki ta sa. A kan tebur ta bar shi don in gani, kuma ba ni da bakin magana.

Na huɗun nan ki ci gaba da kunnawa, ba ni da ikon hana ki, ni ma nawa ba zan fasa ba. Ran wasa ki tsaya a bayan raga ta hannun hagu, nan take waiwaya in an ci ta. Kada ki ce mata komai, ki dai tsaya inda za ta gan ki. In an tashi kuma ki rubuto mini yadda aka yi, nawa ta tare, ko ta ji ciwo, ko ta ci abinci. Ki rubuta duka, kada ki taƙaita, domin ban san ko ita za ta rubuto ba.

Yayarki,
Gittel